Shafi na Huɗu

Lahadi, bayan la'asar
Cikin jirgin ruwa, mun bar Port Klang

Zuwa ga baiwata Turai, Dakta-ba-tukuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsutsotsinki. Ni lafiyata lau, sai ɗan jiri da jirgin ya fara motsi. Jiya na yi waya da Inna, ta ce ƙafarta ta yi sauƙi, kuma an yi ruwa a Kazaure har sau biyu. Ta ce in gaishe ki. Na gaishe ki.

To, yanzu tashi ki buɗe baƙar jakar nan taki ta bayan ƙofa. Kin buɗe? Kwamfutar da kike gani mai tsagaggen murfi, mai warin daddawa, tawa ce. Taki ga ta nan a kan cinyata, da ita nake rubuto miki. Da na kawo miki tuwo da safe na ce sallama na zo yi, ai kin tashi ɗebo mini ruwa. Minti ɗaya ya ishe ni. Kalmar sirrin ma ba ta wahalar da ni ba. Duk wanda ya san ki ya san sunan Iya Aminatu za ki saka.

Kada ki ce sata ce. Kakana Malam Hussaini wan kakarki Aminatu ne. Ni jinin namiji, ke jinin mace, kayanki nawa ne. Kuma ke da bakinki kika tuna mini dokar taubasai ranar Sallah: ba fushi, ba kai ƙara, wanda ya fara fushi shi ya faɗi.

Bari in tuna miki ranar, ko boko ya cinye miki ƙwaƙwalwa. Ƙaramar Sallah, a rumfar abincin nan ta Kampung Baru a Kuala Lumpur, inda Alhaji Alkasim yake tara ɗalibanmu duk shekara. Na rubuta wa 'yarsa Zuhra wasiƙa. Da ajami na rubuta, da alƙalamin gamba da tawadar da na taho da ita daga gida, don shi ne rubutun da na fi iyawa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyara hannuna a tsangaya. Kuskurena ɗaya, na manta a nan aka haife ta, Hausar ma sai ta jiƙa ta da Turanci take iya haɗiye ta, balle ajami. Ta kawo miki don ki karanta mata a kunne. Ke kuwa kika miƙe tsaye, kika buga cokali a kofi, kika karanta wa mutum arba'in abin da ban rubuta ba.

Wai na ce zan riƙe ta da ƙanzon tukunya. Wai na ce ba ita nake so ba, gidan ubanta na Bukit Jalil nake so. Wai na ce tumbin Alhaji ya isa a yi masa biza tasa daban. Aka yi dariya har Dakta Kabir, malamin jami'arku, ya ƙware da shinkafa. Alhaji bai yi dariya ba, ya miƙo hannu ya ce a ba shi takardar, don shi ya iya ajami. Sai kofin shayinki ya kife a kanta, wai bisa kuskure. Tawadar allo ce, Turai, don wankewa aka yi ta, kuma kin sani.

Wata biyu ke nan Alhaji ya hana ni ƙofar gidansa, Zuhra ba ta ɗaga wayata. Na bar aikin girki a gidan abincin Sri Petaling saboda duk ɗalibin da ya shigo sai ya ce a ba shi ƙanzo. Shi ya sa na shigo kicin ɗin jirgin nan.

Na san ranar Alhamis da sha biyun rana za a rufe karɓar kundin digirinki. Na san jirgin nan ba zai dawo ba sai Asabar. Ki je wurin Alhaji ki gaya masa ƙarya kika shirya. Ki ce masa ya rubuto mini da kansa. Ina ganin saƙonsa, zan turo miki aikinki.

Ubangidanki,
Mus'ab

*

Lahadi, bayan magariba
Bukit Jalil

Mus'ab, gardi ɗan gardi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ko in ce ina lafiya har zuwa ƙarfe biyar na yammar nan. Na gode da saƙon Inna. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya kuma ba ta haƙurin haihuwar irinka.

Ban yi fushi ba. Ka rubuta ka ajiye, ban yi fushi ba. Dariya ma nake yi. Wannan kwanon tuya da ka bar mini sai da ya yi minti tara kafin ya farka, kuma yana kuka kamar injin markaɗe.

Amma saurara da kunnen hankali, in kana da shi. Abin da ke cikin kwamfutar nan shekara huɗu ne na rayuwata. Ba karatun tsutsa nake ba, kwamfuta nake koya wa ta gane tsutsar tumatir a hoton ganye, don manoman garinku su daina kuka duk rani. Gyaran da na yi na mako shida na ƙarshe babu shi ko'ina sai a cikinta, wurin ajiyata na intanet ya cika tun kafin azumi. An riga an ƙara mini wa'adi sau biyu, ba na uku. In Alhamis ta wuce ban miƙa ba, tallafin karatuna ya ƙare, bizata ta mutu ƙarshen wata, in koma kwalejin da ta turo ni hannu rabbana. Ka auna wannan da wasiƙar soyayya mai layi goma.

Ba zan je wurin Alhaji ba. In tsaya gaban dattijon da ya tarbe ni a filin jirgi, ya sama mini ɗaki, in ce masa ni na ƙirƙiri zancen tumbinsa? Kai ma ka san ba zai yiwu ba. Wasa na yi, jama'a suka yi dariya, aka wuce wurin. Ba laifina ba ne da ka aika wa 'yar Kuala Lumpur rubutun laya. Kuma tun kana ɗan shekara bakwai ka zuba mini barkono a kwalli ranar bikin Yaya Ummi, wa ya kai ƙararka?

Ka buɗe ta, a kusurwar dama ta ƙasa akwai fayil mai lambar goma sha bakwai a ƙarshen sunansa. Lamba dai ka iya karantawa. Ka maƙala shi a imel ka turo yanzu. Kada ka taɓa komai, kada ka ci abinci a kanta, kada ka kai ta kusa da tukunya. In ka yi haka, Asabar zan kai ka gidan abinci, kedai mamak, ka ci har ka gaji, mu rufe maganar.

In kuwa ba ka yi ba, ka tuna na girme ka da shekara goma, kuma duk muguntar da ka iya a wurina ka gani.

Yayarka,
Turai

*

Litinin, bayan azahar
Gefen Penang

Baiwata mai dariya,

Salamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, kuma dariyar ba ta sa miki ciwon ciki ba. Ni jirin ya tafi. Kwamfutarki ma tana gaishe ki, ta ce ba ta taɓa shan iskar teku ba sai a hannuna.

Kin ce in turo yanzu, kamar a ɗakinki nake. Bari in ba ki labarin intanet ɗin jirgi. A can ƙolin jirgin akwai wani farin ƙwallo kamar ƙaton ƙwai, shi ke kamo ta daga sama ya raba wa mutum dubu biyu. Fasinjoji ne ke fara sha. Mu ma'aikata minti talatin ake ba mu a rana, a ɗakin cin abincinmu na can ƙasa, kusa da injin wanki. In fasinja ɗaya ya ɗauki hoton kifin da ke farantinsa ya tura wa danginsa, mu arba'in sai mu zauna muna kallon wani ɗan zobe yana juyawa a allo. Jiya ma kwamfutarki ta kama gyaran kanta ba ta nemi izinina ba, ta sha minti ashirin cikin talatin ɗina. Halin mai ita ta ɗauko.

Na ga fayil mai sha bakwai. Na ga kuma mai sha shida, da mai sha biyar, har zuwa ɗaya. Mu a tsangaya in allo ya gyaru wanke na baya muke yi. Na buɗe shi na duba. Turancin ban san me yake cewa ba, amma hotunan na gane su. Tsutsa a kwance, tsutsa a miƙe, tsutsa da 'ya'yanta. Shafi ɗari biyu da goma sha ɗaya! Wallahi Iya Aminatu da tana raye da ta ce a yi miki rubutun sha.

Zancen barkono kuwa, kin manta ƙarshensa. Malam Hussaini ya sa na durƙusa gabanki na ba ki haƙuri gaban 'yan biki. Idonki ya warke kafin la'asar. Ni nawa wata biyu bai warke ba.

Layi goma kika ce. Ashe kin ƙirga su. Ashe kin karanta na gaskiyar da idonki kafin ki karanta na ƙarya da bakinki. Na gode da wannan shaida.

Har yanzu ban ga saƙon Alhaji ba. Ga hoto nan na maƙala, ƙarami ne, shi zai iya wucewa. Kwamfutarki ce a hannuna na hagu, na miƙa ta bayan ƙarfen baranda, ruwan da ke ƙasa kuwa an ce zurfinsa ya fi tsawon tagwayen benen Kuala Lumpur. Ki lura da yatsu uku kawai na riƙe ta. Kin san hannun mai girki ba ya rabuwa da maiƙo.

Ubangidanki mai haƙuri,
Mus'ab

*

Talata, da hantsi
Bukit Jalil

Mus'ab,

Salam. Ina lafiya. Na ga hoton. Ya isa haka, ka ci wannan zagayen. Turo fayil ɗin, in ka dawo mu zauna mu san yadda za a ɓullo wa Alhaji.

Turai

*

Talata, bayan la'asar

Mus'ab, ka ga saƙona na safe? Na kira wayarka sau goma sha ɗaya, ba ta shiga. Ka amsa ko da kalma ɗaya ce. Ka ce mini tana nan.

*

Laraba, ƙarfe tara na safe
Bukit Jalil

Mus'ab,

Babu gaisuwa yau. Kwana biyu ke nan tun hoton nan, ko tari ban ji daga gare ka ba. Ɗayan biyu ne: ko ta suɓuce maka ta faɗa teku kana jin tsoron faɗa mini, ko kana zaune kana karanta saƙonnina kana dariya da abokan kicin ɗinka. Ko wanne ne, ka wuce gona da iri.

Na yi fushi. Ka ji, na faɗa, na faɗi, ka je ka yi shela a Kazaure. Kuma na kai ƙara. Yau da safe na rubuta wa kamfanin jirginku cewa wani ma'aikacin kicin mai suna Mus'ab ya ɗauke mini kwamfuta daga ɗakina ba da sanina ba. Na ba su lambar da ke bayanta, na haɗa musu da hoton da ka turo, fuskarka tar a ciki, da hular girki da haƙora talatin da biyu. Sun amsa cikin minti ashirin, sun ce za su kira jirgin ta layinsu. Su layinsu ba ya jiran hoton kifi.

In tana nan, za su karɓe ta su turo mini aikina. In ba ta nan, ni da kai jirgi ɗaya za mu hau zuwa Kano. Ka hana ni digiri, na hana ka aiki. Sai ka je ka rubuta wa Zuhra daga tsangaya.

Turai

*

Laraba, bayan la'asar
Ofishin tsaro na jirgi, tsakiyar teku

Turai,

Salamu alaikum, don ni an koya mini gaisuwa. Ina lafiya, sai dai ba ni da hula, an karɓe. Da kwamfutar shugabar tsaro nake rubutu, minti goma ta ba ni, tana tsaye a kaina.

Yanzun nan na ga saƙonninki uku a tare. Tun yammacin Litinin hadari ya taso, jirgi yana rawa, tukwane suna tafiya da kansu, aka kashe intanet ɗin ma'aikata gaba ɗaya aka bar wa masu tuƙi. Kuma bari in gaya miki abin da zai hana ki cin abinci. Ranar Litinin ɗin, bayan na tura hoton, na yi sallar la'asar, zuciyata ta ce mini shekara huɗu ba wasa ba ne. Na roƙi minti talatin ɗin wani abokin aikina, na maƙala fayil mai sha bakwai na tura miki. Tsutsotsinki suka yi nauyi. Layin ya tafi a hankali kamar jaki da kayan yashi, ya kai tamanin da tara cikin ɗari, ya mutu. Na sake, ya mutu a sittin. Ina cikin na uku aka kashe.

Yau da azahar ina yanka albasa mutum biyu suka zo suka tafi da ni gaban kowa. Madam, shugabar tsaron, ta nuna mini hotona. Kin iya zaɓen shaida, na yaba miki. Sun karɓi kwamfutar, sun sa ta a leda, sun liƙe, sun rufe a akwatin ƙarfe. Na ce to ku tura mata aikinta. Madam ta ce kayan ƙara ba a buɗe shi, ba a kunna shi, sai an miƙa wa 'yan sanda a Port Klang. Ranar Asabar.

Kin ji ko? Asabar. Ke da hannunki kika kulle kundinki a akwati, kika miƙa wa baƙuwa makullin. Ni yatsu uku na riƙe ta da su, kuma da igiya ɗaure a wuyan hannuna, sake duba hoton da kyau. Ke kika jefa ta.

Na yi ƙoƙarin bayyana wa Madam mene ne taubashi da ɗan guntun yaren Malay da nake da shi. Ta tambaya, 'yar'uwarka ce? Na ce e. Ta ce kuma ka sace mata kaya? Na ce dole ne. Ta ce ita kuma ta sa a kama ka? Na ce wannan ne haramun. Ta dafe kai.

Hanya ɗaya ce. Ki rubuto musu ki janye, ki ce da bakinki wasa ne na dangi. In takardar ta iso yau, gobe za mu tsaya a Phuket, fasinjoji za su sauka tun ƙarfe goma, intanet ta zauna ba mai sha. Ni an hana ni sauka. In ba ki rubuto ba, ni aikin wanke tukunya na rasa, akwai tukunya a ko'ina. Ke fa?

Kada ki ɗauka na huce. Ranar Litinin na huce. Yau an fitar da ni daga kicin da albasa a hannu.

Mus'ab

*

Laraba, bayan magariba
Bukit Jalil

Ƙanena Mus'ab,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, da fatan ba su taɓa lafiyarka ba. Na duba hoton, na ga igiyar.

Na rubuta musu. Shafi biyu cur na yi ina bayyana wa kamfanin jirgin ruwa yadda jikan wa da jikar ƙanwa suke a ƙasar Hausa, har da zanen bishiyar dangi. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Madam ɗinku ta kira ni da kanta, ta ce a shekara ashirin na aikinta ba ta taɓa ganin iyali irin namu ba. Ta yarda. Gobe ƙarfe goma sha ɗaya, agogonmu na nan, za ta ba ka kwamfutar na awa ɗaya a ofishinta, kuma za a mayar maka da hularka.

Awa ɗaya ba za ta isa ka turo mini ni kuma in tura wa jami'a ba. Kai za ka ɗora shi kai tsaye. Bi wannan kamar yadda kake bin allo. Buɗe fayil mai sha bakwai. A sama ta hagu akwai alamar jan littafi, latsa ta, za ta mayar da shi irin wanda ba ya gyaruwa, kuma zai rage nauyi. Shafin jami'a yana buɗe a wuri na farko, kalmar sirrin ita ce dai wadda ka sani. Latsa shuɗin maɓalli, zaɓi fayil ɗin, jira layin ya cika, sannan latsa koren. Ka tabbata mai sha bakwai ne, don da zarar ka latsa koren nan, ni kaina ba ni da ikon cire ko wasali ɗaya sai masu jarrabawa sun zauna.

Maganar Alhaji za mu yi ta in ka dawo. Zan ga abin da zan iya, a hankali, in lokaci ya yi.

Don Allah, don darajar Iya Aminatu.

Yayarka,
Turai

*

Alhamis, sha biyu saura minti shida
Phuket

Baiwata,

Salamu alaikum. Lafiyata lau, hulata tana kaina. Ya shiga. Layin ya cika, na latsa koren, wata takarda mai tambari ta fito, ga hotonta nan. Je ki sha ruwa.

Intanet ɗin yau kamar ba ita ba. Jirgi wayam, fasinjoji duk sun tafi hawan giwa, tsutsotsinki suka wuce cikin minti tara. Za ki ce to me na yi da sauran lokacin.

"A hankali, in lokaci ya yi." Na karanta layin nan sau bakwai, Turai. Na san lokacinki, ba ya yi. Shi ya sa jiya da daddare na fito da alƙalamina da tawada, na sami farar takarda a wurin Madam. A shafi na huɗu na kundinki akwai layi biyu kacal, na gane sunan Aminatu a ciki, na san nan ne kika sadaukar da aikin gare ta. Ƙasansa fili ne fetal, abin tausayi. Na ɗauki hoton takardata da idon kwamfutarki, na liƙa a wurin. Ba sai an yi boko ake iya liƙa hoto ba. Ga abin da ke ciki, don kada ki wahala:

"Ni Turai, jikar Aminatu, na shaida cewa abin da na karanta a Kampung Baru ranar Sallah ƙirƙirata ce, har da zancen tumbi. Abin da taubashina Mus'ab ya rubuta shi ne: Zuhra, ba ni da boko, ba ni da gida. Ina da izu sittin a kaina da sana'a a hannuna. Tun ranar da kika ce miyata ta yi gishiri kika kuma cinye ta tas, ban ƙara dafa komai ban tuna da ke ba. In kin yarda, zan nemi izinin mahaifinki, wanda nake girmamawa kamar nawa."

Na zagaye shi da zayyana ja da rawaya, ya yi kyau ƙwarai. Sannan na latsa jan littafin nan da kika ce, wanda ba ya gyaruwa.

Zuba masa shayi mu gani.

Ubangidanki,
Mus'ab

*

Bayan mako biyar
Litinin, Bukit Jalil

Zuwa ga Mus'ab, gardin teku,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da tukwanenka. Na yi waya da Inna, ta taka har kasuwa da ƙafarta. Ni ma lafiyata lau. Daga yau in za ka rubuto, ka cire "ba-tukuna". Dakta Turai.

Ban yi maka magana ba ranar da ka aiko mini da kwamfutar, ban kuma amsa saƙonninka tara ba, don ina da abin yi. Na je ofishin jami'a sau uku ina roƙon a cire shafi ɗaya. Suka ce ba a taɓawa. Mako biyar ina addu'a Allah ya sa masu jarrabawa su tsallake shafin sadaukarwa, kamar yadda kowa yake yi tun da aka fara digiri a duniya.

Babban cikinsu wani tsohon farfesa ne Bamalaye, wanda ya tashi da rubutunsu na da mai haruffan Larabci. Ko zama ban gama yi ba ya buɗe shafi na huɗu. Ya ce rabonsa da ganin hannu mai kyau irin wannan tun rasuwar kakansa. Ya sa yatsa ya fara haɗa baƙi, da ƙarfi, da muryarsa ta Malay: "Ni Tu-rai, ji-kar A-mi-na-tu." Har "tumbi" sai da ya karanto, ya maimaita, ya ce kalmar tana da daɗi a baki, mene ne ma'anarta?

Na buɗe baki zan ce addu'a ce ta kakanni. Sai na ɗaga ido. Ka san wa jami'a ta sa ya rubuta bayanin zaman? Dakta Kabir. Yana zaune a ƙarshen teburi, ya ajiye biro, ya naɗe hannu yana jirana.

Na miƙe tsaye na fassara, layi bayan layi, yadda aka rubuta. Har da gishirin miya. Farfesa ya cire tabarau ya goge. Suka yi mini awa biyu a kan tsutsa, suka ba ni gyara a shafi talatin da ɗaya, sannan ya rubuta da hannunsa cewa shafi na huɗu a bar shi yadda yake. Za a ɗinke shi da baƙin bango a ajiye a laburare. Jikokina za su gani.

Kafin in iso gida Dakta Kabir ya kai wa Alhaji hoton shafin. Alhaji ya karanta da kansa, ya aiko a kira ni. Abin da ya gaya mini tsakanina da shi ne, amma na durƙusa, kuma gwiwata ta daɗe a ƙasa fiye da taka ranar barkono. Ya ce in gaya maka ƙofarsa a buɗe take.

Ka ci. Na faɗa, ka ci.

Saura abu ɗaya. Da zan fito, Zuhra ta biyo ni har bakin lif, ta ba ni takarda a ninke, ta ce amsarka ce, in ba ka hannu da hannu tunda ni kaɗai ce danginka a ƙasar nan. Shafi biyu ce, gaba da baya. Na duba. Da Turanci ta rubuta, tun daga sama har ƙasa.

Jirginku zai dawo Asabar. Ka zo Kampung Baru bayan la'asar, rumfar nan dai. Na gayyaci mutum arba'in, na kuma tanadi cokali da kofi.

Ni zan karanta maka.

Taubashiyarka,
Dakta Turai